Babi na Tara: Kwikwiyon Kanti da Takardar Asalinsa

A arewacin jihar Ayowa ta Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Britt, mutanensa ba su wuce 2,000 da 'yan kai ba, gonakin masara da waken soya sun kewaye shi ta ko'ina. A shekarar 2016 aka yi rajistar wata ƙungiyar jinƙai a garin, Hobo K-9 Rescue, wadda ta ce aikinta ceto karnuka marasa gata. Ba a jima ba sa'ar wannan ƙungiya ta fara ba mutane mamaki. Sauran masu irin wannan aiki fama suke yi da tsofaffin karnuka, da masu ƙazuwa, da masu ɗingishi, da waɗanda ba a san uwarsu ba balle ubansu. Ita kuwa duk abin da ta tsinto ɗan kwikwiyo ne mai makonni kaɗan da haihuwa, mai asali, irin wanda masu kuɗi ke rububi. A loda su a mota, a nausa Shikago, washegari ka gan su a bayan gilashin kanti da farashin dubban daloli a wuyansu.

Jaridar Chicago Tribune ce ta bi sawu a 2018, ta gano cewa mutanen da ke tafiyar da ƙungiyar su ne dai masu wani kamfanin dillancin kwiyakwiyai na garin, J.A.K.'s Puppies. Kare ɗaya ne, hanya ɗaya ce, takarda kawai aka sauya. Abin da ya sa ɗan kasuwa zai sha wahalar kafa ƙungiyar jinƙai don ya sayar da hajarsa shi ne wata doka da birnin Shikago ya kafa a 2014, wadda ta ce kanti ba zai sayar da kare ko kyanwa ko zomo ba sai wanda ya fito daga gidan ajiye dabbobi na hukuma ko daga hannun ƙungiyar ceto.

Mai karatun da ya san kare a matsayin mai gadi ko abokin farauta zai iya tambayar abin da ya kai majalisa ga zama a kan kwikwiyo. Amsar tana cikin kuɗi da yawa. Miliyoyin gidaje a Amurka suna da kare, yana kwana a ɗaki, yana da likitansa, wani ma har da inshora. Inda ake da irin wannan buƙata kuwa dole a sami masu samarwa, kuma yadda suke samarwar ne ya jawo maganar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoma da dama a tsakiyar Amurka suka shiga kiwon karnuka don ƙarin kuɗin shiga, wasu a cikin akurkin kaji da kejin zomaye da suka riga suka mallaka. Sana'ar ta kafu musamman a jihar Misuri da maƙwabtanta, kuma har yau can ce cibiyarta. A irin waɗannan gonaki karya ba ta da wani aiki sai haihuwa. Da ta yaye a sake haɗa ta, shekara da shekaru a cikin keji, wani lokaci a kan dandamalin waya don kashi ya riƙa zubewa ƙasa. In ƙarfinta ya ƙare a kai ta gwanjo ko a kashe. 'Ya'yan kuma da sun cika mako takwas dillali ya zo ya kwashe, ya haɗa da na wasu gonaki, ya rarraba wa kantuna a jihohi masu nisan kwana biyu a mota. Ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta daɗe tana ƙiyasta irin waɗannan gonaki da kusan 10,000, masu lasisi da marasa shi.

Ba wai babu doka ba ne. Tun 1966 akwai dokar tarayya ta kula da dabbobi, kuma ma'aikatar noma ce ke ba masu kiwon sayarwa lasisi tana aika sufetoci. Sai dai mizanin da dokar ta ajiye ƙasa yake ƙwarai. Lissafin girman keji, alal misali, shi ne a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara inci 6, wato ƙasa da taƙi guda, kuma halal ne kare ya ƙare rayuwarsa a ciki. A 2010 babban mai binciken ma'aikatar da kansa ya fitar da rahoton da ya ce sufetoci suna ganin ɓarna suna kawar da kai, masu laifi kuma suna maimaitawa ba tare da hukuncin kirki ba. A watan Fabrairun 2017 ma'aikatar ta cire rahotannin sufetocin daga shafinta na intanet, sai da majalisar tarayya ta tilasta mata kafin ta mayar da su a 2020. A Misuri kuwa jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2010 suka amince a taƙaita kowace gona ga karnukan haihuwa 50, amma shekara na zagayowa 'yan majalisar jihar suka soke wannan iyaka.

Da masu fafutuka suka ga gonar ta fi ƙarfinsu, sai suka juya ga kantin. Hikimar a fili take. Gonar tana Misuri, ɗan majalisar birnin Los Anjelis ba shi da iko a kanta, amma kantin da ke kan titinsa shi ke ba shi izinin buɗewa. In aka toshe bakin kasuwa, mai kiwo zai rage haihuwa. Ga kuma riba ta biyu: gidajen ajiye dabbobi na hukuma a cike suke, ana yi wa waɗanda ba a zo ɗauka ba allurar mutuwa, da kuɗin harajin jama'a. Me zai hana kantin ya zama ƙofar fitar waɗannan?

Birnin Albuquerque na jihar New Mexico ya fara a 2006. West Hollywood ta bi a 2010, Los Anjelis a 2012, Shikago a 2014, daga nan abin ya bazu zuwa ɗaruruwan birane da gundumomi. Masu kantuna sun garzaya kotu suna cewa an tauye cinikayya tsakanin jihohi, amma a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar Shikago.

A watan Oktoban 2017 ne gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokar da ake kira AB 485, wadda ɗan majalisa Patrick O'Donnell ya gabatar, Kalifoniya ta zama jiha ta farko da ta ɗauki matakin gaba ɗayanta. Daga 1 ga Janairun 2019, duk kare ko kyanwa ko zomon da ke kanti dole ya fito daga gidan ajiya ko ƙungiyar ceto, dole a manna takardar inda ya fito a jikin kejinsa, wanda ya saɓa kuma tarar dala 500 a kan kowace dabba. Ba a taɓa mai kiwon da ke sayarwa kai tsaye daga gidansa ba. An yi murna, jaridun duniya sun ɗauka.

A lokacin kuma wani abu ya faru da ya ƙarfafa hannun masu goyon baya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigin wata gudawa mai tsanani da ta kama mutum fiye da 100 a jihohi da dama tsakanin 2016 da 2018, ta tarar ƙwayar Campylobacter ce daga kwiyakwiyan kanti, mafi yawansu na kantunan Petland, kuma ƙwayar ta bijire wa magungunan da aka saba ba da su. Abin da ake zargi da jawo bijirewar shi ne yadda ake ɗura wa kwiyakwiyan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga gona har kanti, da ciwo da babu. Maganar ta tashi daga tausayin dabba ta koma lafiyar yaron da ya rungumi kwikwiyo.

Sai dai waɗanda suka rubuta dokar Kalifoniya sun maimaita kuskuren Shikago. Sun ce daga ƙungiyar ceto, ba su tsaya sun ɗaure ma'anar ƙungiyar da kyau ba, kafa ƙungiyar da ba ta neman riba kuwa a Amurka aikin cike takardu ne da ɗan kuɗin rajista. Duk wanda ya taɓa zama a kara ranar kasuwa ya ga yadda sa ɗaya ke sauya labari sau uku tsakanin hannun mai shi da na mai saye, ya san ba a barin asalin dabba a bakin dillali. Kantunan Kalifoniya da dama, musamman a yankin San Diego, suka ci gaba da cika gilashinsu da kwiyakwiyai masu asali 'yan mako takwas, kowanne da takardar cewa ceto shi aka yi. Kuɗin da mai saye ke biya ma aka sauya masa suna ya koma kuɗin riƙo, duk da cewa yawansa bai ragu ba.

A watan Maris na 2019 babban lauyan jihar Ayowa, Tom Miller, ya maka Hobo K-9 da wata takwararta, Rescue Pets Iowa, da kamfanin dillancin a kotu. Ƙarar ta ce cikin ƙasa da shekara biyu Hobo K-9 ta fitar da kwiyakwiyai sama da 1,200 zuwa Kalifoniya da Ilinoi da Fulorida da New Jersey. A 2020 aka sasanta: aka rushe ƙungiyoyin biyu, waɗanda ake ƙara suka biya jihar dala 60,000 ba tare da sun amsa laifi ba. In aka auna da abin da kwikwiyo ɗaya ke kawowa a kanti, wannan tara ba ta wuce cinikin 'yan kwanaki ba.

Kalifoniya ta koma teburi. A 2020 ɗan majalisa Todd Gloria, wanda daga baya ya zama magajin garin San Diego, ya kawo sabuwar doka da aka yi wa laƙabi da sunan Bella, wata 'yar kwikwiyo da aka sayar da sunan ceto alhali daga gonar kiwo ta fito, kuma ba ta da lafiya. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu, ta fara aiki a farkon 2021. Wannan karon an daina tambayar daga ina. Kanti ba zai sayar da kare ko kyanwa ko zomo ba, ko daga ina ya fito. Abin da aka yarje masa shi ne ya ba gidan ajiya ko ƙungiyar ceto wuri su baje dabbobinsu, ba tare da ya karɓi ko sisi a kan dabbar ba. Dole a riga an yi wa dabbar aikin hana haihuwa, kuma kuɗin da mai ɗauka zai biya kada ya wuce dala 500. Da aka cire riba daga lissafin, dalilin ƙirƙiro ƙungiyar bogi ya tafi. A nan ne dokar ta fara cizo da gaske, kuma abin lura ne cewa sai da ta bar manufarta ta farko, ta mai da kanti mai sayar da dabbobin ceto, sannan ta yi aiki.

Jihohin da suka biyo baya sun ɗauki darasi, kowace gwargwadonta. Merilan ta kafa tata a 2018 ta fara aiki a 2020. Maine da Washington da Oregon sun hana sababbin kantuna amma sun ɗaga wa waɗanda suka riga suka kafu ƙafa. Ilinoi ta yi tata a 2021. A Niyok, wadda take cikin manyan kasuwannin kwikwiyo a ƙasar, gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Disambar 2022 aka ba kantuna shekara biyu su shirya, dokar ta fara aiki a Disambar 2024, kuma an yarda kanti ya karɓi kuɗin hayar wuri daga ƙungiyoyin da ke baje dabbobi a cikinsa. Wasu jihohin kuma suka bi kishiyar hanya. A 2016 Arizona da Ohayo suka kafa dokokin da suka ƙwace wa birane ikon hana cinikin, abin da ya kashe dokar birnin Phoenix duk da cewa kotu ta riga ta tabbatar da ita.

Masu adawa ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba duka ne son zuciya ba. Ƙungiyar American Kennel Club, mai rajistar karnuka masu asali, da ƙungiyar 'yan kasuwar dabbobin gida sun ce kanti ne wuri ɗaya tilo a cikin sarƙar da hukuma ke iya shiga ta duba, yana da adireshi, yana ba da rasit, kuma jihohi da yawa suna da dokar da ta tilasta masa mayar da kuɗi ko biyan magani in dabbar ta zo da ciwo. Rufe shi, in ji su, tura mutane ne zuwa intanet inda ba mai ganin kowa. Sun kuma ce an haɗa mai kiwo nagari da mugu an yi musu kuɗin goro. Masu goyon baya suka amsa cewa mai kiwo nagari ba ya ba kanti 'ya'yan karyarsa tun farko, don yana so ya ga wanda zai ɗauka ido da ido, kuma ƙa'idojin ƙungiyoyin masu kiwo da yawa sun haramta hakan. Game da durƙushewar kasuwanci kuwa suka nuna PetSmart da Petco, manyan kantunan dabbobi biyu na ƙasar, waɗanda ba sa sayar da kare ko kyanwa, suna cin ribarsu a abinci da magani da wanka da aski, suna kuma ba ƙungiyoyin ceto wuri a cikin kantunansu.

Wani abin da ya dagula lissafin ya fito daga ɓangaren masu ceton da kansu. A 2018 jaridar Washington Post ta bankaɗo cewa ƙungiyoyin ceto da masu rajin kare karnuka 86 sun kashe dala miliyan 2.68 tun daga 2009 wajen sayen karnuka 5,761 a wuraren gwanjo biyu na Misuri, wato daga hannun mutanen da suke zagi. Niyyar wasunsu tsarkakakka ce, su fitar da dabba daga wahala. Amma mai kiwon da ya ga masu tausayi suna tsuga farashi a gwanjo ba zai rage haihuwa ba.

Ingila ta tunkari matsalar ta wata fuska, kuma tata ta fi kama jijiyar. Wata karya mai suna Lucy, da aka ceto daga wata gonar kiwo a Wales a 2013 ƙugunta a karkace saboda zaman keji, ta zama tutar wani gangami da likitan dabbobi Marc Abraham ya jagoranta. Ta mutu a 2016. Dokar da ke ɗauke da sunanta ta fara aiki ranar 6 ga Afrilun 2020, kuma abin da ta hana shi ne ɗan tsakiya: kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, ko dai a karɓe shi daga hannun wanda ya kiwata shi, ko daga gidan ceto. Mai kiwo mai lasisi kuma dole ya nuna kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi. Faransa ta kafa doka a Nuwambar 2021 da ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kanti daga farkon 2024, ta kuma wajabta wa mai niyyar ɗauka ya sa hannu a wata takardar alkawari ya jira kwana bakwai, don a rage sayen ganin ido da ke ƙarewa da yasar da dabba a bakin titi lokacin hutun bazara.

Shin gidajen ajiya sun sami sauƙi? An sami raguwar kisa mai yawa, wannan ba shakka. Ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA ta ƙiyasta cewa a 2011 an kashe karnuka da kyanwoyi kusan miliyan 2.6 a gidajen ajiya na Amurka, zuwa 2019 adadin ya sauko kusan 920,000. Amma rashin adalci ne a ɗora wa dokar kanti wannan nasara. Raguwar ta faro tun shekarun 1970, kuma abin da ya fi kawo ta shi ne yaɗuwar aikin hana haihuwa mai rahusa, da 'yar na'urar shaida da ake dasa wa dabba a ƙarƙashin fata don a gane mai ita in ta ɓata, da jigilar karnuka daga jihohin kudu masu cunkoso zuwa na arewa. Kanti dama kaso kaɗan ne na inda Amurkawa ke samun kare. Bayan annobar korona ma gidajen ajiya da yawa, har da na Los Anjelis inda dokar ta fi shekara goma, sun sake cika maƙil saboda tsadar rayuwa da masu gidajen haya da ba sa yarda da kare.

Akwai kuma gaskiyar da masu fafutuka ba su cika son a faɗa ba. Abin da ya cika gidan ajiya manyan karnuka ne, baligai, da yawansu jinsin pit bull da danginsa. Abin da mai shiga kanti ke nema ɗan ƙarami ne mai taushin gashi da zai zauna a cinya. A 2022 ɗan guntun karen nan mai murtukakkiyar fuska, French bulldog, ya ture Labrador daga matsayin jinsin da aka fi yi wa rajista a Amurka bayan shekara 31 yana riƙe da shi, kuma kare ne da akasari sai an yi wa uwarsa tiyata ake ciro shi. Wanda ya ƙwallafa rai a kansa ba zai koma gida da tsohon kare mai kilo 30 don an rufe kanti ba. Waya zai ɗauka.

Abin da jaridar Los Angeles Times ta tarar ke nan a binciken da ta wallafa a Satumbar 2024. 'Yan jaridar sun tattara takardun shaidar lafiya da likitocin dabbobi ke cikewa kafin kare ya tsallaka iyakar jiha, suka ƙirga karnuka fiye da 70,000 da aka shigar Kalifoniya tun daga 2019, shekarar da dokar farko ta fara aiki, da yawansu daga manyan gonakin tsakiyar ƙasar. Motocin ba su daina zuwa ba. Maimakon kanti, sai suka koma sauke kaya a hannun 'yan kayi-nayi da ke ajiye kwiyakwiyan a gareji da ɗakunan haya, su tallata su a intanet a matsayin haihuwar gida, su haɗu da mai saye a wurin ajiye motoci, wasu da sunan ƙarya da lambar wayar da za a jefar gobe. Binciken ya kuma gano cewa ma'aikatar noma ta jihar, wadda takardun ke isa ofishinta, lalata su take yi, don doka ba ta ɗora mata ajiye su ba. Bayan fallasar ta daina, kuma a 2025 majalisar jihar ta zartar da sababbin dokoki da suka haramta dillancin kwiyakwiyai don riba, suka kuma wajabta a miƙa wa ma'aikatar takardar lafiyar duk karen da aka shigo da shi don sayarwa, a ajiye ta inda za a iya dubawa.